Numfashin Baba da Ruwan Tanki

Agege, Legas

Zuwa ga Yayana Shafi'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Kano? Mu nan sai godiya. Jikin Baba da sauƙi, sai dai ɓarin da ya shanye har yanzu shiru, magana kuma da ƙyar.

Na rubuto ne don in na kira ka a waya, dariya za ka yi min kafin in kai ƙarshe. Maganar tankin kifin nan ce na ruwan gishiri, wanda ka dasa mana a falo ka yi tafiyarka ka bar ni da jinya biyu. Ina bin duk abin da ka koya min. Famfunan biyu masu fuskantar juna suna aiki, wannan ya turo ruwa ya huta, wancan ya mayar. Ban manta ba ka ce murjani ba ya tashi neman abinci, ruwa ne ke kawo masa, ya kuma kwashe masa datti, in ruwan ya tsaya sai ya shaƙe. Ni da na ɗauka murjani abin wuya ne kawai, ashe har rai gare shi, har da iyayi.

Baba da ya ce ka yi asara a kan kifin da ba a miya da shi, yanzu ba ya yarda a juya kujerarsa daga gaban gilashin. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rigima da direbobin tumatir a kasuwar Mile 12, yau sai ya wuni yana kallon gashin murjani na kwantawa dama, na kwantawa hagu. Jiya da hantsi ina ba shi kunu na lura da ƙirjinsa. In ruwa ya tafi sai ya ja numfashi, in ya dawo sai ya sauke. Na rage gudun famfon don in ƙaryata idona. Yaya, numfashinsa ma ya ragu. Nan take na mayar da famfon yadda yake.

To, yi dariyarka ka gama, sannan ka ba ni amsa. A gaida Aunty Habiba.

Ƙanwarka,
Mastura

Yaya Shafi'i,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin naka, an ce mura ta kama ka? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, wai kaɗaici ne ke damuna. Na gode, likita. To ji wannan. Shekaranjiya da rana aka ɗauke wuta, kuma ka san batirin da ka haɗa ya tsufa, sai ya yi ta nawa kafin ya karɓa. Ruwan ya tsaya cak, gashin murjani ya miƙe kamar an yi masa tsawa. Na waiga na ga Baba baki buɗe, ido a kan gilashi, ƙirjinsa ba ya motsi. Sai da famfo ya yi gurnani ya turo ruwa, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Maigidana Ridwanu ya ce in yi istigfari, rai a hannun Allah yake, ba a hannun famfo ba. Na sani, wallahi na sani, kuma ina yi. Amma shi ma tun ranar bai ƙara barin janareto babu mai ba, kuma bai ce min don me ba.

Akwai wani abu kuma. Ka ce kifi kullum inda ruwa ke fitowa yake fuskanta. Naka sun daina. Duk sun jeru a jikin gilashi suna kallon kujerar Baba, ko abinci na zuba ba sa juyowa. Tsoro nake ji, Yaya. Ka zo, ko ka turo mai canza batirin.

Taka,
Mastura

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. A waya na ce maka ya cika cikin sauƙi, kuma gaskiya ne, amma akwai saura.

Taransifomar layinmu ta ƙone ranar, batirin ya mutu, janareto ya ƙi tashi. Ridwanu ya tafi kasuwar Alaba neman abin gyara, cunkoso ya riƙe shi a hanya. Na tuna ka ce in wuta ta daɗe a kaɗa ruwan da hannu, sai na ɗauko ludayin miya na wanke, na hau kujera. In tura, in jawo. Numfashin Baba na bi na. Tun bayan azahar nake yi, in wannan hannun ya sage in canza wancan, gishiri na cin yatsuna. Ko ƙofa na kasa zuwa in kira maƙwabta, don kuwa in na saki ludayin waye zai riƙe?

Aka kira la'asar ban sauka ba. Rana ta fara ja. Sai na ji hannun Baba mai lafiya ya kama bakin zanena. Ya yi magana sarai, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon.

"Mastura, bar ruwan nan ya huta. Je ki yi salla."

Na yi masa gardama da ido, ya girgiza kai. Ban taɓa ƙin maganarsa ba, Yaya. Na ajiye ludayin na tafi. Da na sallame na dawo, ruwan ya kwanta luf, shi ma haka.

Ridwanu ya iso ya ta da janareto, lokacin Baba na shimfiɗe a falon an lulluɓe shi. Ya miƙa hannu zai kunna famfon, na riƙe shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na hana kowa taɓa famfon sai da aka fita da gawar washegari. Murjaninka duk ya mutu, ya yi fari fat, ka yafe min. Na kasa tsayawa ne in ga ruwan ya motsa alhali idona na kan zanen da ke ƙirjin Baba. Har yau ban san wanne na fi tsoro ba, zanen ya ɗaga, ko kada ya ɗaga.

Ka zo ka ɗauke tankinka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Mastura