Tauraro Mai Tabon Haƙori

Litinin, 7 ga Oktoba

Hannuna warin ruwan kifi yake, wanda muke ɗigawa a miya. Na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, bai fita ba.

Aikina ke nan a rumfar Kawu Khiem. A kawo lambobin yabo na soja daga wurin mai zubi, sababbi fil. In jiƙa su a ruwan kifi da gishiri, in binne su a tukunyar ƙasa bayan rumfa, ƙyallensu kuma in tsoma a shayi. Kafin mako ya zagayo sun girmi Mamata. Baƙi su taso daga ƙasashensu har birninmu Saigon, su yi ta zagaya kasuwar tsofaffin kaya suna neman ta gaske, su saya suna murna.

'Yan ajinmu na da sun wuce da fararen riguna. Na ɓuya bayan hulunan ƙarfe.

Laraba, 9 ga Oktoba

Aiki na biyu ya fi na farko ciwo. In baƙo ya fara shakka, sai Kawu ya nuna ni, ni kuma in faɗi jimla ɗaya da ya koya mini da Turanci, wai ta kakana ce. Duk lokacin da na faɗa fuskata zafi take ɗauka, kaina ya sunkuya da kansa. Su kuma su zaci kuka zan yi. Sai su buɗe jaka.

Yau Kawu ya ce, "Thoa, kunyar nan taki ta fi duk kayan rumfar nan daraja. Kada ki kuskura ki warke."

Inna Sau mai kofi ta leƙo. "Khiem, wai kakanni nawa yarinyar nan take da su? Bataliya guda?"

"Ke dai ji da baƙin ruwanki," in ji shi. Suka yi ta dariya. Ni kaɗai ce ban yi ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kaka ta sake tambaya.

Akwai ta gasken, guda ɗaya. Ta marigayi Kakana Luong. Tauraro mai jan ƙyalle. Tun da na yi wayo tana kan teburin magabata, gaban hotonsa. Kaka ba ta gani yanzu sai inuwa. Kullum da safe in ta kunna turare sai ta shafa lambar da babban yatsanta, daidai inda tsini ɗaya ya lanƙwashe. Mama ce ta cije shi tana ƙarama, har da tabon haƙori.

Kawu ya ɗauke ta tun farkon damina, wai za a gyara maƙalinta. Ƙarya. Da ita aka yi zubin sauran. Yanzu tana akwatin ƙarfe ƙarƙashin teburinsa.

"Ki ce wa Kawunki ranar tunawa da mahaifinsa ta ƙarato," in ji Kaka. "Ba zan ajiye wa mutumin nan shinkafa ƙirjinsa babu komai ba."

Na ce ana nan ana gyarawa. Ta miƙo hannu ta taɓa kumatuna. Haka take kama ƙaryata tun ina ƙarama. Ta ji zafin fuskata. Ta janye hannunta.

Mama tana masana'antar takalma a Binh Duong. In na kira ta sai ta ce ta gaji. Wa zan gaya wa?

Talata, 15 ga Oktoba

Wani Bature ya zo, dogo, mai furfura, da ɗan gilashin ƙara girman abu rataye a wuya. Yana magana a wayarsa, wayar ta maimaita da yarenmu da muryar mace. Wai ƙasashe da yawa ya taka yana tara lambobi, na gaske kawai yake saya.

Ya ɗauki ɗaya cikin nawa. Na faɗi jimlata. Ko kallona bai yi ba. Ya kai ta hanci, ya shinshina, ya yi murmushi, ya ajiye.

Kawu ya ji haushi. Don kada a raina shi ya jawo akwatin ƙarfe.

Baturen ya ɗauko ta gasken daga ciki. Ya juya ta, ya duba bayanta, ya daɗe a kan tsinin nan. Kawu ya ce ba ta sayarwa ba ce. Amma na san muryar Kawu idan yana nufin a ƙara. Mutumin ya ce zai dawo Juma'a kafin jirginsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na yi ƙarfin hali na yi wa Kawu magana.

"Kawu, ta Kaka ce fa."

"Ta ubana ce. Ke kin san shi ma? Ni na sha bulalarsa." Yana goge hular ƙarfe, bai ɗago ba. "Rufin ɗakin Kakarki yoyo yake. Da tauraro za ki toshe?"

Na koma bayan rumfa. Kullum ba ni da amsa sai na dawo gida.

Amma na yanke shawara. Gobe zan ce wa Baturen jabu ce. Na gaske kawai yake saya, ai shi ya faɗa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ya dawo ana ruwa. Kawu ya fito da ita. Baturen ya juyo da wayarsa wajena, muryar macen ta ce, "Yarinya, wannan fa? Ta kakanki ce?"

Karo na farko da jimlar take gaskiya. Kawu ya ɗaga mini gira in faɗa.

Na matsa kusa da wayar na ce, "A'a. Jabu ce. Ni na binne ta da hannuna."

Wayar ta fassara masa. Kawu ya daskare. Ni kuwa fuskar nan tawa, maciya amana, ta ɗau wuta har kunnuwa. Kaina ya faɗi ƙasa.

Baturen ya daɗe yana kallona. Ya yi magana a hankali, macen ta ce, "Ba ki iya ƙarya ba, yarinya. Kada ki koya."

Ya saya. Ya tambayi sunan mai ita, Kawu ya gaya masa, ya rubuta. Wai zai sa ta a gidan gilashi, ba ƙura, ba danshi, zai kula da ita sosai. Ya ba ni alewa.

Da ma zagina ya yi.

Kawu bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Kin ga? Ko da kika yi niyyar ɓata mini ciniki, ke kika sayar da ita."

Asabar, 19 ga Oktoba

Na jefa alewar a kwata.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kawu ya wurgo mini sabuwar lamba. "Gyara wa Kakarki wannan. Ba gani take ba."

Na ce ba zan yi ba. Ya ɗaga kafaɗa. "To ki je ki gaya mata da bakinki."

Na wuni ina kallonta a kan tebur. Na tuna hannun Kaka yana lalube gaban hoto, bai sami komai ba, ya koma cinyarta.

Ban sa ta a ruwan kifi ba, hancin Kaka ya fi na Baturen. Na goge ta da toka da tsumma har ta yi santsi kamar an shekara ana shafawa. Na rataye ta saman turare ta sha hayaki. Tsinin ne bai fito daidai ba a zubi. Na gwada ƙusa, bai yi kama ba. Sai na sa a baki na ciza.

Haƙorina har yanzu zogi yake. Amma ya yi. Ya yi sosai ma.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ranar tunawa. Mun dafa kaza da shinkafa mai danƙo, mun jera lemo da kofin shayinsa. Mama ba ta sami izini daga wurin aiki ba. Kawu ya ce yana tafe, bai iso ba sai da aka gama.

Ni na sa wa Kaka lambar a tafin hannu. Yatsanta ya tafi kai tsaye wurin tsinin. Ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Ta kai ta hanci.

"Ita ce, Thoa?"

"Ita ce, Kaka."

Ta miƙo hannu ta ɗora a kumatuna. Na tsaya ina jiran zafin ya zo.

Bai zo ba.

Ta sauke numfashi. "Wannan karon gaskiya kika faɗa," ta ce. Ta ajiye ta gaban hoton, ta kunna turare, ta ce da shi, "Ga abinka ya dawo, tsoho. Sai ka daina zuwa mini a mafarki da fushi."

Na ci abinci. Na ƙara ma. Ban san me ya sa nake jin yunwa haka ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Rufin Kaka na nan yana yoyo. Na matsar da gadonta.

Kawu ya fita, ya bar ni da rumfa. Wasu baƙi biyu suka tsaya, mata da miji. Na jira sai da matar ta kalle ni, sannan na faɗi jimlata, na sunkuyar da kai daidai lokacin da ya kamata. Suka saya.

Inna Sau tana kallo daga teburinta. Na zaci za ta yi tsiyarta ta bataliya. Ba ta yi ba. Ta juya baya tana wanke kofi.

Ba komai ba ne. Aiki ne kawai.

Na lura dai mutane za su fi tsayawa a kan lamba in tana da tabo irin wancan. Kafin in rufe rumfa na ciji wasu. Ba wanda ya sa ni.