Hankaka Bai Ci Ba

Yaya Sumitra,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin kwamfuta yana tafiya, barci ne kawai ya ƙaurace min.

Na kalli fim ɗin nan na harshenmu, Kannada, da kike yabo, a wata silima a nan birnin Krakow. A fim ɗin, wani injiniya ya yi watsi da aikinsa, ya isa garinsu Mysuru ya kunna wa gawar ubansa wuta da hannunsa, kamar yadda al'adarmu ta ɗora wa ɗa. Aka yi ta tafi. Ni da na kalli ƙona gawar Baba ta waya a ofis, sai na fice daga silimar.

Ranar cikarsa shekara da rasuwa na ajiye masa curin shinkafa a baranda. Kin san in hankaka bai ci ba, mamaci bai huce ba. Tattabaru ne suka cinye.

In Inna ta tambaya, ki ce hankaka ya ci.

Ƙaninki,
Shreepada