Shafukan da Kawu Bai Yanka Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe, ɗakin karatun Kawu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Makarantar da na nemi aikin koyarwa tana son takardar shaida daga tsohon malami kafin ranar 24. Kawu, da yake shi ya koyar da ni, ya ce ba zai sa hannu ba sai na karanta littafin nan mai baƙin bango da ke saman kantar littattafansa, wanda yake cewa ya sauke sau uku. Shafi 914 ne, wato 44 kullum.

Ina shafi na 61. Har yanzu jarumin bai shiga gida ba, marubucin ya tsaya yana kwatanta labule. Wai duniya ta yaba. Duniya ba ta da aikin yi.

Ƙaninki

Laraba

Auta,

Muna lafiya. Kai dai da tsoro kamar farar kura. Karanta farko da ƙarshe, ka girgiza kai ka ce masa akwai zurfi. Kawu ba ya tambaya, lacca yake yi. Shekara talatin muna jin yadda jarumin ya mutu a ƙarshe, har na haddace.

Yayarka

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 4:05 na yamma

Yaya,

Ina gaisuwa. Daga shafi na 209 zuwa ƙarshe takardun a haɗe suke ta sama, yadda suka fito daga maɗaba'a. Tsohon bugu ne, sai an bi da wuƙa an yanka. Na duba sau biyu. Babu wanda ya taɓa buɗe su.

In na yanka, zai san na gane. In ban yanka ba, zai san ban karanta ba. Na ɗauko wuƙar Inna, matar Kawu.

Ƙaninki

Alhamis, 20 ga wata

Yaro,

Bayan gaisuwa. Ku 'yan digirin yanzu, saƙon waya ma in ya wuce layi uku sai ku ce kai na ciwo. Ka zo Asabar da littafina, in ji ko akwai abin da ya shiga. Sa hannuna ba na kan hanya ba ne.

Kawunka

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gama jiya. Shafi ɗari shida surutu ne, amma wajen da uwar jarumin ta dawo ya sa na ajiye littafin na fita tsakar gida. Kuma jarumin bai mutu ba. A shafi na 902 yana nan daram, yana shuka albasa.

Kawu ya karɓi littafin, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya ce, "To, malam mai digiri, yaya ka ga mutuwar jarumin?"

Takardar tana gabansa, alƙalami a hannu. Na ce, "Ta taɓa ni, Kawu."

Ya sa hannu. A layi na huɗu ya rubuta cewa ni mai gaskiya ne.

Abin da ban sani ba:

Ko yatsansa ya ji yankan.

Ko wane ne ya fara gaya masa jarumin ya mutu.

Dalilin da ya sa, ina fita, ya ce Inna ta miƙo masa tabarau.

Ranar da zai kai shafi na 902.

Ƙaninki