Mahaifiyar Manal Tana Jirana a Fau

Hajja Jummare, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni. Na jefa kaina cikin abin da ban san ta inda zan fita ba, kuma kunya ta hana ni faɗa wa ko da mijina.

Ni haifaffiyar Gadarif ce. Kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi marar kauri, nake yi ina kai wa masu abinci a kasuwa, mijina kuma yana aikin gona a wajen Doka, sai an gama yankan riɗi muke ganinsa sosai. Ban taɓa taka birnin Madani na yankin Jazira ba tun da nake.

Tun da yaƙi ya koro mutanen Jazira zuwa garin nan, nake gamuwa da baƙi suna kirana Manal. Ta farko wata mata ce a bakin kasuwa, ta riƙe min tob ɗin da na yafa tana kuka tana sumbatar hannuna. Na ce mata ba ni ba ce, ta tsaya tana kallona kamar na mare ta. A bakin irinta na tsinci labarin. Manal ungozoma ce a wata unguwa a Madani. Da aka fito gudu, ita ta yi ta karɓar haihuwa a hanya, a bayan lori, a gindin bishiya. Sun ce tsayinmu ɗaya, wushiryarmu ɗaya, har yadda nake ɗan jan ƙafar hagu.

Da fari musu nake yi. Daga baya sai in yi murmushi kawai in ce Allah ya raya. Ina ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, tunda ban ce ni ce ba. Amma wallahi Hajja, daɗi nake ji. Shekara da shekaru ina tsugunne gaban murhu hayaƙi na cin idona, ba wanda ya taɓa tashi ya ba ni wuri a mota. Yanzu ga dattawa suna sa min albarka. Wata ma ta miƙo min 'yarta, ta ce sunana, wato Manal, ta sa mata. Na karɓe ta, na yi mata wasa. Ranar na kasa cin abinci, amma washegari ta wannan layin na sake bi.

Abin ya ɓaci ne a tashar Shuwak, ina dawowa daga sunan 'yar ƙanwata. Wani tsoho mai suna Usumanu, wanda idonsa ba ya gani sosai, ya tare ni. Ya ce shi maƙwabcin su Manal ne a Madani. Ya ce, "Manal, ashe kina raye? Mahaifiyarki tana garin Fau, ba ta ci ba ta sha. An ce mata an tare motarku, daga nan ba a sake jin ɗuriyarki ba." Mutane suka kewaye mu suna kabbara, wata na share hawaye. Na bar shi a kan ni ce. Ya tambaye ni inda nake zaune, ni kuma na faɗa masa, har da rumfar da nake kai kisra. Motarsa ta tashi yana ɗaga min hannu.

Makon jiya sai ga wani direban lori, Khalid, yana neman Manal mai kisra. Saƙo ya kawo daga Fau. Ya ce tsohuwar ta miƙe daga kwance, ta fara cin abinci, har an yanka akuya an yi sadaka. Ta ce a gaya min idan wani abu ne ya same ni a hanya nake jin kunyar zuwa, in zo a haka, ita 'yarta kawai take so. Idan kuma ban je ba, za ta zo da kanta ko da ɗaukarta za a yi. Hajja, maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce masa zazzaɓi nake yi, in na warke zan zo.

Tun ranar ban sake zuwa kasuwa ba. Ina tsoron in na faɗa mata ta koma kwance ta mutu, ni ce sanadi. Na yi tunanin in kwashe kayana in koma Doka in ɓace. Har tunanin in je in zauna mata a matsayin Manal ya zo min, Allah ya yafe min. Ban san ko Manal tana raye ba. Me zan yi?

Mai Kisra, Gadarif

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kamar da kike yi da Manal halittar Allah ce, ba ki da laifi a ciki. Ban kuma yi mamakin daɗin da kika ji ba. Wanda ya daɗe ba a gode masa ba, in aka zo da godiya ko ba tasa ba ce, hannunsa zai miƙa. Amma kin san inda kika zame, ba sai na tsawaita ba. Shirun da kika yi wa Malam Usumanu da maganar da kika yi wa Khalid sun isa har gadon wata uwa.

Ki cire batun Doka daga ranki. In kika ɓace, tsohuwar nan za ta ƙarasa rayuwarta tana ganin 'yarta tana raye amma ta guje ta, wannan ya fi jin ba a gan ta ba ciwo. Zama a matsayin Manal kuwa, uwa ce fa. Kina yin sallama za ta gane, ga shi kin ƙara mata wulaƙanci a kan rashi.

Tsoron da kike yi wa lafiyarta gaskiya ne, shi ya sa ba za a yi abin da garaje ba. Ki fara gaya wa mijinki, yau ɗin nan, ko ta waya ce. Sannan ki nemi Khalid ki faɗa masa komai, ya haɗa ki da Malam Usumanu da wanda ke kula da tsohuwar. Su za su fara shiga su shirya ta a hankali, domin kada fuskarki ta riga maganar isa. In ta yarda ta gan ki, ki je da wata babbar mace daga danginki, ki durƙusa ki ce kin yi kuskure, ba tare da kawo uzuri ba. Tana iya zaginki, tana iya korarki. Ki ɗauka, haƙƙinta ne. Kada kuma ki ce mata Manal ta rasu, kada ki ce tana raye. Ba ki sani ba.

Akwai abin da za ki iya yi mata wanda wani ba zai iya ba. Duk wanda ya san Manal, wajenki yake zuwa da ƙafarsa. Daga yau wanda ya tare ki, ki ce masa ba ke ba ce, sannan ki tambaye shi inda ya yi mata ganin ƙarshe, da wa take tare. Abin da kika ji ki kai wa danginta, su kai wa masu agajin da ke neman waɗanda suka ɓace. Ban yi miki alkawarin za a same ta ba.

Ki koma kasuwa gobe, 'yata, masu abinci suna jiran kisrarki, kuma a can za ki samu Khalid. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa tsohuwar nan, ya bayyana mata 'yarta.

Hajja Jummare