Na Sauke Karatu a Cikin Waya

Fatakwal, 12 ga Yuli

Assalamu alaikum Yaya Bahijja,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Umma, yaya mutanen Koki? Ni lafiya lau nake. Ɗakinmu yana ɗan yoyo, amma mu shida ne, ba a rasa mai tara bokiti. Kada ki karanta wa Umma nan wurin.

Albishirinki! Na ci jarrabawar haɗa sola da nake koyo ta waya. Kin san tun da na bar aji huɗu na ɗauka ni da boko mun raba gari. To malamin nan na cikin bidiyo ba ya gajiya. Akwai darasin da na maimaita sau goma sha ɗaya, bai ce min daƙiƙi ba. Kullum kafin in kunna shi sai na cire takalmi na tanƙwashe ƙafa. Abokan aiki su yi ta dariya, wai "Ɗalha, ba ya ganinka fa!" Na ce ai ni ina ganinsa.

Oga ya ga takardar sakamakon. Daga Litinin na daina dakon batir, da hannuna zan riƙa haɗawa.

Roƙona ɗaya, ba a sauka babu sadaka. Malamin bai san ina duniya ba, balle in kai masa goro. Don Allah ki sa a toya waina ranar Juma'a a raba wa maƙwabta, su yi masa addu'a. In an tambaye ki wa ya sauke, ki ce Ɗalha ne, kuma ki faɗa da ƙarfi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Ɗalha