Sunan Da Ka Bar Wa Ɗanka

Zuwa ga ɗana na fari,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka a makwancinka.

Ranar Talatar ƙarshe ta watan Sha'aban, bayan la'asar, mota ta buge ka a titin Gate City Boulevard, kana tsallakawa da cefane a hannu. Kafin in iso asibiti ka cika. Washegari muka kai ka. A lokacin matarka Rakiya tana da tsohon ciki.

Ta sauka lafiya, an sami namiji. Ni na yi masa huɗuba, kuma sunanka na sa masa.

Sai dai ni da mahaifiyarka ba mu taɓa kiranka da sunan nan ba, saboda kunyar ɗan fari. Rakiya kuma ba ta faɗin sunan miji. Mutum uku muna reno a gidanmu na unguwar Glenwood, kowa sai ya ce "yaron nan". Mahaifiyarka ta ce a kira shi Abba, yadda aka saba.

A nan ne Rakiya ta sunkuyar da kai, ta ce kai ka riga ka zaɓa masa laƙabi tun cikin yana ƙarami: Jesi. Ta jira in hana.

Na san inda ka samo shi. Kana yaro muna kallon finafinan kaboyi, irin waɗanda na taso da su a Maraɗi. Ni ina bayan mai kama ɓarayi, kai kullum kana bayan Jesi, ɗan fashin da ake farauta. Kakan ce, "Baba, shi kaɗai ne ba ya gudu ya bar abokinsa." Nakan ce ɓarawo ɓarawo ne, ko a kan doki yake.

Har yanzu ra'ayina game da fashi bai sauya ba, kuma na san abin da dattawa za su ce a ƙofar masallaci. Amma wannan ne kaɗai abin da ka samu damar ba ɗanka da bakinka, ba zan karɓe masa ba. Na amince.

Mahaifiyarka "Jasi" take cewa. Jiya ta kira shi, ya juyo ya yi mata dariya, ɗana, irin taka.

Allah Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya raya ɗanka ya zama mai riƙon amana.

Saura ni. Har yau ban kira shi da sunan ba, amma ina gwadawa a mota, a hanyar zuwa aiki.

Mahaifinka.