Akushin bayan randa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba zan tambayi lafiyarki ba, don inda kike babu ciwon gwiwa, babu zaman jiran ruwan sama. Mu dai nan Maradi muna lafiya. Shekara biyu ke nan da muka kai ki makwancinki a Tibiri, sai yau na iya ɗaukar alƙalami. Na san wasu za su karanta. Su karanta ɗin, ni na gaji da ɓoyo.

Inna, ni ce nake cinye miki tuwo.

A shekarar yunwar nan ne, ina da shekara goma, Baba ya tafi cin rani. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Ki raba mana ni da ƙannena, ki sa naki a ƙaramin akushi, ki rufe da faifai, ki tura bayan randa, sannan ki ɗauki kwando ki nufi gulbi neman tafasa. Da kin ba da baya sai in lallaɓa ɗaki. Ranar farko gefe kawai na gutsura. Kafin mako ya zagayo ina cin fiye da rabi, a tsaye, ina haɗiya ba tauna, kunnena na bakin ƙofa. In gama in shafe wurin da yatsa, wai ni mai wayo.

Da la'asar ki dawo, ki ɗaga faifai, ki runtse ido a kan ɗan abin da ya rage, ki soma doguwar addu'ar nan taki. Sai kin gode wa Allah saboda wanda ya shuka, da wadda ta daka, da wanda ya yo itace, har jakin da ya ɗauko buhu ba ki mantawa da shi. Baba yakan ce, “Kahin uwarku ta ce amin, ƙuda ma sun ƙoshi.” Da can dariya nake yi. A shekarar nan kuwa ina laɓe bayan zana, cikina ya cika, kunya na neman kashe ni.

Ba ki taɓa ce mini komai ba. Dama ba ki saba magana da ni ba, ni ce ƴar fari. Ba ki kiran sunana, sai dai “ke wagga”. In na faɗi, Gwaggo Hannatu ƙanwar Baba kike sawa ta ɗaga ni. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, ni ma na sani, amma ina ruwan zuciyar yaro da al'ada? Na ɗauka kin gane ɓarauniya kika haifa, kin bar ni da Allah.

Yunwa ta wuce, amma ni ba ta sake ni ba. Na gama karatun lakwal, na sami aikin biro, wato ofis, na yi aure a unguwar Zariya nan Maradi. Ga buhun shinkafa a ɗaki, ga firigo cike, amma ban iya zama in ci da mutane ba. A gaban maigida in ɗan tsakura in ce na ƙoshi. Da ya fita in tsaya a madafa in share tukunya da sauri, kunnena na bakin ƙofa, a gidana, da kuɗina! In na bi ta Sabon Gari in sayi tsire in cusa a jaka kamar wadda ake bi. Addu'ar abinci kuwa tuni na daina. Da wane baki zan yi godiya a kan abin da nake ci kamar na sata?

Da lokotoro ya ce ciwon suga ya kama ni, sai na koma wancan gefen. Na shiga rejim, wato ƙin abinci, ba kai ba gindi, in yini da ruwa da ganyen salati, in kwana uku ina jiri, rana ta huɗu in koma wa tukunya ina ci ina kuka.

Ana cikin haka kika zo. Kin daka fura da hannunki, da gwiwar nan taki, kin shigo motar Tibiri da ƙwarya a cinya. Kika dama, kika miƙo mini ludayi kina kallon bango, yadda kika saba. Na ce an hana ni. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa kin cika son ɗura wa mutane abinci, ba ki san zamani ya canza ba. “To, madalla,” shi ne abin da kika ce. Kika rufe ƙwaryar da faifai, kika tura ta lungun bayan firigo, kika yafa zanenki kika tafi.

Na gan ta a can, ban gane ba. Har ta yi tsami na zubar a kwata. Mako uku bayan nan aka kira ni daga Tibiri, aka ce kin rasu.

Wannan ludayin, Inna, babu ranar da ba na ganinsa.

Da abin ya ishe ni na tafi Jiratawa wajen Gwaggo Hannatu. Na same ta a garka bakin kanal na ban ruwa tana tsinkar zogale. Na durƙusa na faɗa mata zancen akushi, abin da ban taɓa gaya wa ko fasto ba. Ta yi dariya har ta zauna ƙasa, sannan dariyar ta koma hawaye. Ta ce, “Ke dai sakarya ce! Wanga akushi ai naki ne tun hwarko. Uwarki ta ce mani, babbar tana tsawo, rabon yara bai isarta, ni kuwa ba ni iya ƙara mata a idon mutane. Abin da kinka rage shi ne nata. In ta tarar kin ci da yawa, ranar addu'arta ta hi tsawo.”

Shekara ashirin ina hukunta kaina a kan kyauta. Kuma ashe ranar da kika tura ƙwaryar bayan firigo, ajiye mini kika yi, kika ba ni wuri in sha.

Ba zan ce miki na warke a ranar ba, ƙarya ne. Amma ran Lahadi da aka zo jibin Ubangiji na buɗe tafin hannuna aka sa mini gurasa, sai na kasa rufe shi don kuka. Ban saya ba, ban sata ba, ba ni aka yi. Na tauna a hankali a gaban dukan ikkilisiya, babu wanda ya kore ni.

Yanzu ina shan maganina, ina auna abin da lokotoro ya ce in auna. Wani lokaci ƙafata takan ja ni madafa, sai in ɗauko kwanon in fito tsakar gida in zauna a tabarma, in yi addu'a tukuna. Doguwa nake yi, har da jakin. Ƴata ta fari, takwararki, takan buɗe ido ɗaya ta ce miya za ta huce. Ki gafarce ni, kunyar nan ban riƙe ta ba. A gaban kowa nake ƙara mata tuwo, in ce mata wannan naki ne, ni na ba ki.

Jiya na sayo gero na daka fura. Ba ta kai taki ba, yajin ya yi yawa. Na dama, na zauna, na gode wa Allah saboda hannun da ya rufe akushi da faifai, na sha ludayi ɗaya.

Ubangiji Yesu, wanda ya ciyar da ni ta hannunki ban sani ba, ya gafarta mini maganar da na faɗa miki. Ya zaunar da ke a teburinsa, inda ba za ki jira ragowar kowa ba. Ya sada mu a can, ki miƙo mini ludayi kina kallon fuskata. Amin.

Na gode, Inna. Na ƙoshi.

Ƴarki ta fari,
Rahila